Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Shekara goma sha tara ina wannan sana'a.
Lasisina na aljihun mota, hoton da ke kansa ya koɗe:
Rhoda Lindqvist, mai binciken sirri, jihar Washington.
Aikina zama ne.
Kofi ya huce, ƙafa ta yi tsami, ina nan zaune.

Na san iyakata kamar yadda harshe ya san haƙori.
Titi na kowa ne, abin da ya fito titi na ɗauka.
Katanga ba tawa ba ce, ba na ɗage in leƙa.
Ba na durƙusawa cikin dare
in manna na'urar bin sawu a cikin motar wani.
Murya kuwa, a nan sai kowa ya yarda kafin a naɗe ta.
Mil ashirin gabas, da ka tsallaka Idaho,
yardar ɗaya daga cikin masu maganar ta wadatar.
Kogi ɗaya ya ratsa mu, itatuwanmu iri ɗaya,
magana ɗaya, can hujja, nan laifi.

Ran Litinin kamfanin inshora ya aiko da fayil.
Wendell Kovach, shekara hamsin da takwas.
Gungume ya doki bayansa a masana'antar katako,
likita ya hana shi ɗaga ko bokitin ruwa.
Su suna zargin ƙarya ce,
ni kuma ana biyana in gano ƙurewar raminta.

Kwana huɗu, shiru.
Ya fito da sanda, ya kwashi wasiƙu, ya koma.
Wata mai jan kare ta ƙwanƙwasa gilashina,
na ce ƙanena nake jira.
Ta dube ni sama da ƙasa, ta wuce.

Juma'a ta waye da ƙanƙara a kan matakala.
Motar da ke kai marasa lafiya wankin ƙoda ba ta zo ba.
Bakwai da kwata ya buɗe ƙofa,
ya dubi titi hagu da dama,
ya jingine sandar, ya shige.
Da ya fito, matarsa ce a hannunsa,
cikin shuɗin bargo, ƙafafunta na lilo.
Matakala biyar, na ƙirga.
A ta uku ya tsaya cak, ya cije leɓe,
ita kuma ta miƙa hannu ta gyara masa hula.

Yatsana bai jira ni ba, ya san aikinsa.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Daga titi, ba sauti, ba shinge a tsakani.
Duk lauyan da ya duba zai ce tsaf yake.

Ya kwantar da ita, ya rufe ƙofa,
ya dafa motar da hannu biyu, ya sunkuya,
numfashinsa na tashi fari cikin sanyi.
Minti uku bai iya miƙewa ba.
Wannan ma na ɗauka.
Na san wanda za a haska a gaban alƙali,
na san wanda zai kwana a aljihun tebur.

Kundin dokokin nan na karanta shi har gefensa ya yi baƙi.
Ya nuna mini inda zan tsaya,
abin da zan taɓa, abin da zai kai ni kurkuku.
Na sake buɗe shi a kan sitiyari.
Babu sashe a kan shuɗin bargo.

Da yamma na tura hoton duka, ban datse ko ƙiftawa ba.
A rahoto akwai gurbi: Shin ya ɗaga nauyi?
Na rubuta e.
Wane irin nauyi?
Na rubuta: Loretta.
Na goge. Na sake rubutawa.

Ina tada mota na ga ɗan jan haske
a bakin ƙofar mai karen nan,
ƙaramar kyamara, ƙwayar idonta a kaina.
Ashe tun Litinin take da ni a ajiye.
Daga titi ne. Doka ta ba ta.